Jan Ɗigo a Taswirar Kaka Hansai

Su shida ne kacal a sashen tarihi da al'adu, a jami'ar da ɗaruruwan ɗalibai ke koyon gina gada da haƙar fetur. Ajinsu ma bayan ɗakin walda yake, sai malami ya ɗaga murya kafin a ji shi. 'Yan injiniya na kiransu 'yan gatanan-gatananku. Shekara uku Ni'imatu tana shanye wannan, amma a makon nan zama ya gagare ta. Ta zauna, ta tashi, ta ciji biro har tawada ta ɓata mata leɓe.

Aikinta na kammalawa a kan kakarta ne, Hansai, wadda ta baro Haɗeja a ƙafa tana 'yar shekara bakwai, ita da iyayenta, da niyyar Makka. A Fallomi, wato N'Djamena ta yau, ƙafar uban ta kumbura, ya ce a huta damina ɗaya. A nan aka binne shi. Damina saba'in da takwas ke nan, amma har gobe tsohuwa ba ta yarda a shuka bishiya a gidanta na unguwar Diguel ba, wai matafiyi bai shuka inuwa. Ƙarƙashin gadonta akwai ƙunshi: haramin ubanta da butarsa. Duk shekara takan wanke haramin, ta sake ɗaurewa.

To, dokar jami'a ba ta san wannan ba. Kowane aiki sai da taswira, kuma sai injiniya ya buga hatimi. Aka haɗa Ni'imatu da Musye Harun, malamin awon ƙasa, mutumin kirki, sai dai ko gaisuwarsa kamar da rula ya ja ta.

"Layinki ba shi da ƙarshe," in ji shi. "Hanya tana da mafari, tana da matsaya. Sa jan ɗigo a N'Djamena, ki rubuta shekarar da suka zauna."

"Malam, ita ta ce ba su zauna ba. Suna kan hanya."

"Gidan nata na siminti ne?"

"Na siminti ne."

"Kalas, an gama magana. Alhamis nake rufe lis ɗin masu kammalawa. Babu ɗigo, babu hatimi, sai baɗi."

Baɗi! Ubanta Ilyasu, mahauci a babbar kasuwar Grand Marché, bai taɓa gane abin da ya hana ta karatun fetur ba, amma ya riga ya cika layin nama da labarin 'yarsa za ta gama bana. Kwana biyu tana kai da komo tsakanin ɗakin kwamfuta da farfajiya, ta sa ɗigon, ta goge, ta sake sawa. Ran Laraba ta gaji da kanta, ta bar ɗigon a kai. Musye Harun ya yi murmushi, ya buga hatimi a farin wurin da ya rage ta gabas, ya ce ko ƙuda kada ya sauka a kan takardar nan kafin a miƙa ta gobe.

Ta hau kilando, wato acaɓa, zuwa Diguel, taswira naɗe a hammata, zuciyarta ba daɗi. Da ta yi wayo da ta wuce gida, amma ta yi wa tsohuwa alkawarin ita za ta fara gani.

Bayan la'asar ne, Hansai na kan tabarma. Ba ta iya karatu ba, amma da aka ɗora mata yatsa a mafari sai ta bi layin tana kiran garuruwa: Yerwa, Dikwa, inda jakinsu ya mutu, Kusiri, bakin ruwa. Yatsan ya tsaya.

"Wannan jan fa, 'yar nan?"

"Nan muke, Kaka."

"Daga nan fa?"

Ni'imatu ta sunkuyar da kai. Tsohuwa ta shafa farin wurin, ta shafa hatimin, ta daɗe.

"To," ta ce. "Masu ilimi sun auna. Jawo min ƙunshin can."

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi yi wa Ni'imatu ciwo ke nan. Hansai ta soma kwance ƙullin.

"Butar ki kai wa babanki, ya riƙa alwala a kasuwa. Haramin kuwa a yi matasan kai, yadin mai kyau ne. Me zan yi da shi, tun da mun iso?"

Kunya ta rufe Ni'imatu har wuya. Ta laluba jaka, ta ciro biron nan da ta cije. Babu rula, babu awo, ta dasa shi a tsakiyar jan ɗigon ta ja gabas. Layin ya tafi a karkace, ya ratsa hatimin Musye Harun, ya faɗa bakin takarda. Ta san gobe Alhamis, ta san abin da za a ce a layin nama.

Hansai ta kanne ido, ta duba.

"Bai miƙe ba."

"Bai miƙe ba, Kaka."

"Hanyar ma haka take." Ta ja bakin ƙullin da haƙori har ya tamke, ta tura mata ƙunshin. "Mayar min da shi kusa da bakin gado, inda hannuna zai kai."