Gishiri Mai Koren Murfi

Ya Kaltum ba ta taɓa yin sata ba sai da ta shekara sittin da uku, kuma ko a lokacin ma gishiri ta sata. Duk unguwar Bulabulin an san ta da sana'ar turaren wuta da humra, an kuma san idan ta tsinci allura a hanya sai ta zagaye unguwa tana cigiyar mai ita. Binciken likitoci ne ya ja ta cikin wannan abin kunya.

Wata likita ce mai suna Dakta Aminat ta zo ƙaramin asibitin unguwa da tawagarta, suka tara masu hawan jini a ƙarƙashin rumfa. Ta yi musu bayanin cewa bincike iri-iri ake yi a garin, wasu kan ciwon suga, wasu kan ciwon ƙoda, wasu kan masu juna biyu, ita kuma nata a kan gishiri ne. Akwai wani gishiri da aka rage wa abin da ke tayar da jini, ana so a gani ko zai taimaki mutanen nan. Za a gwada ƙodar kowa tukuna, sannan a raba su gida biyu. Wasu za a riƙa ba su roba mai koren murfi duk wata, wasu mai jan murfi, har wata shida. Ɗaya daga ciki ne gishirin maganin, ɗayan gishiri ne kawai irin na kasuwa.

Ya Kaltum ta ɗaga hannu ta ce, "To 'yata, wanne ne na maganin?"

"Ni ma ban sani ba, Ya Kaltum. Amsar tana cikin ambulan a kulle, sai ranar ƙarshe za a buɗe."

Ya Kaltum ta juya ga ta kusa da ita ta ce da murya irin wadda ita take ɗauka raɗa ce, "Shekara nawa suka yi a jami'a, gishiri ma ba su iya bambancewa?" Rumfa ta ɗauki dariya, har likitar. Sannan Dakta Aminat ta kafa doka ɗaya mai ƙarfi: kowa ya ci nasa, babu aro, babu kyauta, babu musaya, kuma kowa ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa.

Ta kusa da ita ɗin nan Modesta ce, wadda unguwa ke kira Maman Ezinne. Katanga ɗaya ta raba gidajensu shekara talatin. Ita da mijinta Pius suna da shagon kayan miya a kasuwa, kuma ko a shekarun da gari ya rikice mutane suna ta barinsa, su ba su tafi ba. Bara ne jini ya buge Pius yana tsaye a shago, bai ƙara magana ba har ya cika. 'Yarsu Ezinne tana aure a Legas. Tun daga nan Modesta ta koma kamar wadda aka rage wa wuta, ta je shago ta dawo ta rufe ƙofa. Ya Kaltum takan leƙa ta kan katanga ta gaishe ta, amma hidimar jikoki da ta turare ba ta barinta ta shiga ta zauna. Ita ce dai ta ja Modesta zuwa wajen binciken, don ta ga yadda take dafe ƙeya idan ta sunkuya.

Ya Kaltum ta samu kore, Modesta ta samu ja.

Bayan wata guda aka yi awo. Na Ya Kaltum ya sauko daga ɗari da sittin zuwa ɗari da arba'in da biyar. Ba ta kawo a ranta cewa tun ranar da likita ta harare ta ta daina jefa dunƙule uku a miyar kuka ba. Na Modesta kuwa yana nan ɗari da saba'in da takwas, ko gezau. A Keke Napep, kan hanyar komawa gida, Ya Kaltum ta gama nata binciken, wanda likitoci suka ce sai wata shida: kore ne na magani. Ta dubi Modesta da ke rungume da robarta mai jan murfi, sai ta tuna yadda aka fito da Pius daga shago bakinsa a karkace. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar nata mijin.

Ta san idan ta ce su yi musaya Modesta ba za ta yarda ba. Mace ce mai bin doka, ko takardar magani sai ta karance ta har ƙasa. Saboda haka washegari da safe Ya Kaltum ta juye gishirinta a leda, ta ƙulle a gefen lafaya, ta yi sallama a gidan maƙwabciyarta, ta gaishe ta da Kanuri.

"Nda watu, Maman Ezinne."

"Kalewa, Ya Kaltum. Yau ta ƙofa? Katangar ta rushe ne?"

"Ludayi na zo ara."

"Ludayi? Ke da kike da kwando guda?"

"Nawa duk sun yi gajarta."

Modesta ta dube ta, ta shiga ɗaki neman ludayi mai tsawo. Ya Kaltum ta faɗa kicin da saurin da gwiwoyinta suka manta da shi tuntuni. Da ta buɗe jan murfi sai ta ga robar ta riga ta koma rabi. Jiya jiya aka ba su! Ta riƙe baki ta ce a ranta, ashe haka matar nan take ɗura gishiri, ina jini zai sauka? Ta juye rabin nan a wata leda, ta zuba nata daidai inda ya tsaya, ta share bakin robar da lafaya, ta fito tana istigfari. Sauran koren ta ajiye don ƙari, ita kuma ta koma cin jan. Ta ji ɗan ɗaci-ɗaci a bayan harshe, ta ce ai dama kayan banza haka yake.

Sai kuma ta hango matsala. Idan sau ɗaya kawai take shiga gidan a wata, kuma daidai da ranar raba gishiri, ko yaro zai gane. Dole ta riƙa shiga kullum don ranar sata ta ɓace a cikin sauran ranaku. Haka ta fara ƙirƙirar dalilai. Ta ari rariya, ta mayar da rariya. Ta ari wuƙa. Ta zo tambayar kwanan wata. Ta zo a duba mata ko wannan kifin banda na Baga ne ko an cuce ta. Ranar da dalilai suka ƙare ta zo ta ce kazarta ta ɓata, alhali duk Bulabulin an san ba ta kiwo. Modesta ta taya ta neman kazar har ƙarƙashin gado, fuskarta babu ko alamar dariya.

Tun tana tsayuwa a bakin ƙofa har ta koma zama a kan tabarma. Modesta takan dafa shayi, su sha kafin ta tafi shago. Suka yi hirar Pius, yadda ya shekara talatin yana ƙoƙarin koyon Kanuri bai wuce gaisuwa ba, da yadda yake cin burabusko da cokali mai yatsu. Wata safiya Modesta ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta yi kukan gaske, Ya Kaltum ta zauna da ita har aka buɗe kasuwa aka bar su. Kuma kullum, da ta samu sarari, sai ta leƙa robar. Tana raguwa yadda ya kamata, ita kuma tana ƙarawa.

A awo na uku jinin Modesta ya sauko ɗari da hamsin da biyar. A na biyar ya kai ɗari da arba'in. Ya Kaltum ta riƙa tafiya a unguwa tana jin kanta kamar babbar likita, sai dai babu wanda za ta faɗa wa. Nata ma bai hau ba, ya ma ƙara sauka, wannan kuwa ta ce sakayya ce daga Allah. Abin da ke damunta ɗaya ne, duk ranar awo Dakta Aminat takan tambaye ta, "Ya Kaltum, naki kike ci ko?" Ita kuma sai tari ya taso mata, ta yi ta yi har likitar ta wuce tambaya ta gaba. An rubuta mata maganin tari sau biyu.

Ranar ƙarshe aka sake taruwa a rumfa. Aka raba lemo. Dakta Aminat ta gode wa kowa, ta ɗaga ambulan ta yage bakinsa a gabansu. Ya Kaltum ta gyara zama, ta gyara lafaya, tana murmushin wanda ya riga ya san amsa.

"Gishirin da aka rage wa ƙarfi," in ji likitar, "shi ne mai jan murfi."

Ya Kaltum ta ji kamar an kwara mata ruwan randa. Ja? Wato wata biyar cur tana shiga gidan marainiyar Allah tana kwashe mata magani, tana zuba mata abin da ya kashe mijinta, ita kuma ta kai gida ta cinye? Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Innalillahi! Dakta, ki auna ta! Ki auna Maman Ezinne yanzu yanzu! Na kashe ta!"

"Ya Kaltum, zauna, yanzu muka auna ta, ɗari da talatin da takwas ne."

"Na'urarku ta lalace! Ni ce nake sace mata jan ina zuba mata kore. Wata biyar. Babu wani tari da nake yi. Kaza ma ba ni da ita!"

Dakta Aminat ta cire tabarau ta dafe goshi. Sai aka ji wani sauti kamar na tukunya ta fara tafasa. Modesta ce, ta toshe baki da ɗankwali, kafaɗunta suna rawa.

"Chineke! Ya Kaltum, zauna kafin naki ya hau. Ko ƙwaya ɗaya ta gishirinki ban ci ba."

"Kamar yaya? Ina gani yana raguwa!"

"Kifi nake wankewa da shi, da ganda, da kayan ciki. Har tukwane na goge. Ni tun ina amarya ba na dafa abinci daga babbar roba, rabi nake juyewa a gwangwanin madara kusa da murhu saboda danshi. Shi nake ci. Ke ragowar kike ɗauka."

"To yaushe kika gane?"

"Ranar ludayi. Na shiga kicin na tarar yana ƙamshi kamar ɗakin amarya. Na buɗe roba, murfi humra, gishiri humra. Ya Kaltum, mai sayar da turare ba ta iya sata. Ko makaho zai bi ki har gida."

Nan rumfa ta fashe. Wani dattijo, Malam Ba'ana, ya yi dariya har lemo ya sarƙe shi. Modesta ta ci gaba, "Kuma shekara talatin ina sayar da gishiri, harshena ya san na kasuwa. Tun ranar farko na san nawa ba shi ba ne. Da na ga kina kwasa, na ce madalla, dama ni kaɗai ce a gida, rabi ya ishe ni. Gara ki ci."

Dakta Aminat ta buɗe babban fayil ɗinta a hankali, kamar mai shirin yin kuka. "Wato ku biyun duk ja kuka ci. Ɗaya tana rubuce a kore." Ta ja layi a kan suna ɗaya, ta ja a kan na biyu. "Shekara biyu na yi ina tsara binciken nan. Na yi tanadin mantuwa, na yi tanadin tafiya, ban yi tanadin maƙwabta ba. Da ba a gwada ƙodarki ba, Ya Kaltum, da wannan wasan ya iya cutar da ke." Ta ɗago ta dubi sauran. "Akwai wani kuma?"

Nan take Malam Ba'ana da wasu mata biyu duk tari ya taso musu lokaci guda.

A hanyar gida ba su hau Keke ba, suka taka da ƙafa. Ya Kaltum ta sunkuyar da kai har suka wuce masu gasa masara. Kunya ta ishe ta, haushi ma yana cinta, don wata biyar ana kallonta tana neman kazar da babu.

"Amma ke muguwa ce," ta ce daga ƙarshe. "Kina gani ina ɗaukar zunubi, ina yi wa likita tarin ƙarya, ba za ki ce min komai ba?"

Modesta ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta sauya wa jakarta kafaɗa, ta dubi hanya.

"Tun da aka gama zaman makokin Pius babu wanda ya shiga kicin ɗin nan sai ni. Ranar nan na shiga na ji ƙamshin mutum. Da na faɗa miki na gane, da kin koma gaishe ni ta kan katanga."

Ya Kaltum ta ja gefen lafaya ta goge ido tana cewa hayaƙin masara ne. Suka isa ƙofar gidajensu, kowacce ta tsaya a gaban tata.

"Yanzu bincike ya ƙare," in ji Modesta, tana laluben makulli ba tare da ta ɗago ba. "Babu sauran gishirin da za a sata."

"Wa ya ce miki don gishiri nake zuwa?" Ya Kaltum ta tura ƙofarta. "Ki ɗora shayi da wuri. Har yanzu ban ga kazar nan ba."