Tsallaken Seneca

"To je ka mutu a ruwa, Merle. Amma kada ka sa ɗan mutane ya zauna yana kallonka."

"Ɗan mutanen ya iya tuƙi. Ni na koya masa."

"Likita tattaki ya ce ka riƙa yi. Tattaki a ƙasa."

"Likitan nan ko bahon wanka ya shiga sai an riƙe masa hannu."

Ɗan mutanen ni ne. Ina tsaye a ƙofar kicin ɗinsu da filafilin kwalekwale a hannu, ban shiga ba, ban koma ba. Katangar katako ce kawai ta raba gidanmu da na Mista Merle Ostrander da matarsa Gwen. Shi ne shugabanmu na sikawut tun ina ƙarami. Shi ya raɗa mini Kwaɗo, saboda yadda nake iyo. Bara na gama sakandare, tun daga nan ina sayar da mai a gidan man bakin titi.

A bazara aka yi masa aikin zuciya. Yanzu kaka ta kusa, ya ce sai ya tsallake Tabkin Seneca da iyo, kamar yadda yake yi kowace shekara kafin a tsinke inabi.

Ya zuba farar giyar inabin da yake haɗawa a ɗakin ƙasa. Ya juya kofin, ya shinshina, ya tura wa matarsa. Tun bayan aikin, iyakarsa ke nan da giya.

"Sha, Gwen. Ta bara ce. Tsaminta irin naki."

Ba ta taɓa kofin ba.

Ya juyo gare ni. "Kwaɗo, ka san doka."

Na sani. A wajen masu iyon nesa, in mai iyo ya dafa kwalekwale, ko wani ya taɓa jikinsa, tsallaken ya ɓaci. Ko ruwan sha a igiya ake jefa masa.

"Ɗaga hannu."

Na ɗaga yatsu uku irin na sikawut.

"Ba za ka taɓa ni ba sai na ce."

"Ba zan taɓa ka ba sai ka ce, Mista O."

Da zan tafi, Gwen ta biyo ni har bakin katanga. Ta riƙe hannun rigata.

"Dustin, in ka ga leɓensa ya sake launi, ka ciro shi. Ba ruwana da yatsunku."

Na ce to. Ita ma na ce mata to.

Ranar Asabar ruwan ya kwanta lif, launin darma. Babu iska. Gwen ba ta sauko bakin ruwa ba, amma labulen ɗakinta na sama a ɗage yake. Ya shafa mai a kafaɗu, ya gyara tabaransa na iyo, ya shiga. Tabon ɗinkin ƙirjinsa ya yi ja a cikin sanyi.

Da farko ya yi kyau. Hannu na tashi, hannu na sauka, ni ina cikin kwalekwale a gefensa na dama. Na jefa masa gora, ya kurɓa, ya ce tuƙina kamar na mai bara da kwano. A tsakiyar Seneca ba a ganin ƙasa. In ka leƙa, baƙi ne kawai yake tafiya ƙasa. Na daina leƙawa.

Mun wuce tsakiya sosai sai hannunsa na hagu ya daina fitowa daga ruwa. Yana jan sa ta ƙasa. Ya fara karkata, ina gyara masa hanya da baki.

"Mista O, dama. Dama."

Ya tsaya, ya ɗago kai. Leɓensa ya koma shuɗi.

"An naɗe tantunan?" ya ce.

"Waɗanne tantuna?"

"Ka ƙirga yaran. Akwai wanda babu." Hankalinsa ya koma zangon sikawut.

Gaɓar can ta matso. Ina ganin layukan inabi a kan tudu, har da wani mai jar riga a tsakaninsu. Na matsa da kwalekwalen. Ya ga hannuna ya fito. Idonsa ya dawo daidai, ya gane ni sarai.

"Kada ka taɓa ni," ya ce.

Ruwa ya rufe bakinsa. Ya fito. Ya sake rufewa.

Na cafke shi a hammata. Jikinsa santsi da sanyi kamar kifi. Ya yi ƙoƙarin fizgewa, babu ƙarfin. Ba zan iya ɗora shi ciki ba, ba tare da mun kife ba, sai na riƙe shi a jikin kwalekwalen, na sa usur a baki ina busa uku-uku, yadda ya koya mana. Wasu masunta masu jirgin inji suka ji.

Ya yi kwanaki a asibiti, aka dawo da shi da bututun iska a hanci. Gwen ta kawo wa mahaifiyata gasasshen tuffa, ta rungume ni a gaban mutane. Shi kuwa kullum yana kan kujera a baranda, bargo a gwiwa, fuskarsa wajen tabki. In na wuce zan tafi aiki, sai na gaishe shi.

"Sannu, Dustin," yake cewa.

Bai ƙara ce mini Kwaɗo ba. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Da lokacin tsinkar inabi ya yi, yaran sikawut suka zo da ƙyallayensu a wuya suka shiga layukan inabin bayan gidansa. Suna ihu, suna jifan juna da ruɓaɓɓu. Wani ya kawo masa nonon inabi guda ya duba ko ya nuna. Yaron ya tsaya a gabansa ya daɗe, sannan ya shiga ciki ya ce wa Gwen Mista O ya ƙi karɓa. Ashe ya rasu a kan kujerar.

Bayan jana'iza gidan ya cika. Tsoffin yaransa na sikawut, wasu da furfura, abokan tserensa na iyo sirara masu ƙonannun wuya. Aka fito da kwalabe daga ɗakin ƙasa. Wani ya dafa kafaɗata ya ce na yi abin da ya dace. Wani daga cikin masu iyon ya dube ni, ya kau da kai.

Da aka watse na tsaya taya Gwen wanke kofuna. Tana wankewa, ina gogewa. Ta tagar kicin ana ganin kujerar, bargon na nan a kanta.

Ta rufe famfo. Ba ta dube ni ba.

"Bai taɓa ba ni labarin ranar ba," ta ce. "Ko kalma."

Na ci gaba da goge kofin da ya riga ya bushe.

"Dustin, shi ya ce ka ciro shi, ko?"