Makullin Rumfar Tireshbil

Kasuwar Tireshbil ta ƙone ne Malam Mika'ilu yana kwance a asibiti, bai san inda kansa yake ba. Hawan jini ya buge shi a bakin famfo yana alwala, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Kafin ya farfaɗo har ya gane fuskar matarsa Baraka, rumfar atamfar da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a cikinta ta zama toka, ita da na maƙwabtansa kaf.

Likita ya ja Baraka gefe ya ce kada a tayar masa da hankali, don idan jinin ya sake hawa ba lalle ya tashi ba. Ita ma ba sai an gaya mata ba. Mutanenmu ba sa kai wa majinyaci mugun labari. Mahaifiyar mutum ma sai ta rasu a binne ta, yana kwance ana ce masa ta samu sauƙi. Saboda haka da aka dawo da shi gidansu na haya a unguwar Ajame, Baraka ta kafa kujera a bakin ƙofa. Duk mai zuwa dubiya sai ta tare shi ta karanta masa doka: kasuwa tana nan lafiya. Rediyonsa kuwa ta zare batir ta ce ya lalace.

Da farko ma babu wanda ya buƙaci yin ƙarya, don Malam ba ya tambaya. Kwance yake kamar buhun da aka jingine, ido a rufin kwano. A kai masa cokali ya kau da kai. Matar da ke zuwa motsa masa jiki ta ce muddin bai yi da kansa ba, ƙafar da hannun sandarewa za su yi. Wata safiya Baraka ta gaji, koko yana hucewa a hannunta, ta ce, "Malam, rumfa fa jiranka take. Nomau ya gaji da riƙe maka. In ba ka ci ba, da me za ka koma?"

Nomau ɗan garinsu ne daga wajen Dogonduci, rumfarsa jikin ta Malam take, kuma tare suka ƙone. Wallahi Baraka ba ta faɗi maganar don komai ba sai don cokali ɗaya ya shiga. Amma Malam ya juyo ya dube ta, ya buɗe baki. Kashegari da asuba shi ya tashe ta, da harshensa mai nauyi ya ce ta jingina shi.

Dama can mutum ne mai tsari har ya gundure ka, irin wanda idan aka juya masa buta sai ya yi magana. Sai ya ɗauki wannan halin ya ɗora a kan jikinsa. Da ya idar da sallah a zaune, Baraka ta miƙo masa wani tsohon kwaɗon rumfa da ya taɓa canzawa, ya yi ta fama da makulli da hannun da ya mutu. Makullin ya faɗi, ta ɗauko, ya sake faɗi, gumi yana zuba masa. Sai ya buɗe kwaɗon sannan zai yarda ya sha koko, ko da rana za ta take. Daga nan ya bi bango yana jan ƙafa. Da hantsi a shimfiɗa masa tsohon zanenta ya ninke, ya warware, ya sake ninkewa yadda ake yi a gaban mai saye. Bayan la'asar kuwa sanda ce da waje. Ko baƙo ne ya zo daga Yamai a wannan lokacin, sai dai ya jira. Da magariba ya zauna yana gyara harshe, yana kiran masu saye da Faransanci da Julanci, yaran gidan suna leƙe suna ƙunshe dariya.

Abin ya yi aiki, kuma nan masifar take. Ya kai ƙofar gida. Ya kai teburin mai sayar da aceke, dambun rogon mutanen garin, ta tashi tana tafa masa tana cewa, "Kuraj, Papa!" wato ya ƙara ƙoƙari. Ya kai masallaci, aka yi ta kabbara. Unguwa gaba ɗaya ta san labarin gobarar, kuma unguwa gaba ɗaya ta riƙe bakinta. Nomau yana zuwa ranar Juma'a da turmin atamfa da ya aro a kasuwar Ajame, ya ce sabon kaya ne ya shigo daga tashar jirgin ruwa. Malam ya shafa, ya shinshina, ya ce a ajiye wa Madam wance, ita ce mai son shuɗi.

Baraka kuwa ta fara tuyar waina a ƙofar gida, ta ce masa don rage zaman banza ne. Tana juya waina tana kallon bayansa yana nisa. Ta yi murna, babu ƙarya, mijinta ne ya tashi. Amma duk ranar da ya wuce inda ya tsaya jiya sai tsoro ya kama ta, don ta san inda hanyar za ta ƙare. Ta fara yi masa zagon ƙasa. Yau ta ce hadari ne, gobe ta ce ƙafarsa ta kumbura. Rannan ta ɓoye sandar a bayan randa, sai ga shi ya fito yana dogara taɓarya.

Ta tare Nomau a waje ta ce, "Don Allah ku maza ku taru ku hwaɗa mishi. Ya kusa kai bakin titi, bas yake son shiga."

Nomau ya ce, "Ni? Da wane baki, bayan na ce mishi ciniki na tahiya? Ki bari ya ƙara ƙarhi, Baraka. Kila kahin nan a sake gina ta."

"A gina mi? Ko gawayin ba a gama kwashewa ba."

Ya sosa ƙeya ya ce zai yi shawara da dattawa. Dattawa suka yi shawara, suka ce a ɗan jira. Kowa dai yana son wani ya faɗa.

Ranar da Malam ya sa zai koma rumfa, Baraka ta tashi da niyyar gaya masa ko me zai faru. Ta shiga ɗaki ta tarar ya sa babbar rigarsa da kansa, ya kafa hula, ya shafa turare. Makullan rumfa na gaske suna hannunsa na dama, ya ɗaga mata su yana murmushi da rabin baki. Sai ta fasa. Ta ƙulle ƙwayoyin maganinsa a bakin gyale ta bi shi.

Shi ya hau matakalar bas da kansa, ya ture hannunta. Suka ratsa unguwar Filato, suka hau gada, ruwa yana ƙyalli a ƙasa, jiragen ruwa can gefe. Shi yana ta lissafa mata waɗanda zai fara gaisawa da su, ita tana ta salati a zuci.

Tun daga nesa ya rage sauri. An kewaye wurin da kwano. Ta saman kwanon ginshiƙai ne baƙi ƙirin da ƙarafa da suka lanƙwashe, ciyawa har ta fara fitowa a jikinsu. 'Yan kasuwa sun baje a gefen titi ƙarƙashin lema. Ga Nomau can a ƙasa, 'yan zannuwa a kan leda a gabansa. Da suka haɗa ido Nomau ya sunkuyar da kai. Wata mata da ta saba sayen kaya wajen Malam ta gane shi, ta dafa ƙirji ta ce, "Yako, Papa," yadda suke yi wa wanda aka yi wa rashi.

Baraka ta riƙe bakin gyalen tana jiran ya faɗi. Bai faɗi ba. Ya daɗe yana kallon ginshiƙan, sannan ya ce, "Yaushe?"

"Kana asibiti, Malam."

"Atamhwar da Nomau ke kawowa hwa?"

"Aro ce."

Ya gyaɗa kai. "Mai aceke da ke tahwa mini, ita ma ta sani? Da liman? Da yaran gida?"

Ya juya ya nufi tashar bas. Tunda ya kwanta bai taɓa tafiya miƙe kamar ta wannan ranar ba, har sai da ta ɗaga ƙafa kafin ta cim masa.

Jinin da ta yi ta tsoro bai hau ba. Ta kira mai awon jini, ya ce lafiya lau. Malam ya ci tuwo, ya yi sallah, bai yi wa kowa faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ta fi samun sauƙi.

Da gari ya waye ta kawo kwaɗon ta ajiye kusa da hannunsa kamar kullum. Hannun bai motsa ba. Koko ya huce. Hantsi ya yi, zanen yana ninke inda ta ajiye shi. Da aka yi la'asar ta ɗauko sandar nan da ta taɓa ɓoyewa, ta tsaya a kansa, hawaye yana zubo mata.

"Malam, don girman Allah ka tashi. Lokacin tahiya ya yi. Ƙahwar za ta sandare."

Fuskarsa tana bango. Da harshen da ya gyaru tsaf, babu ko gargada, ya ce, "In tashi in tahi ina, Baraka?"

Duk watannin nan ba ta taɓa rasa abin da za ta ce masa ba. Ta jingine sandar a bango. Daga waje mai aceke tana tambayar mutanen gida ko Papa ba zai fito ba ne yau.