Ba Ni Na Ɗaga Tabarmar Ba

Talalelei ne ya zaɓi littafin. Kowane wata mutum ɗaya ne yake zaɓa mana, da nasa ya zagayo sai ya shigo ɗakin bayan coci da kwafi huɗu a cikin ledar kanti, ya rarraba yana kauce wa idona. Nawa ya miƙo a ƙarshe, da hannu biyu, kamar mai ba da abin da zai iya fashewa.

Mu huɗu ne kacal a ƙungiyar karatun, muna haɗuwa a Apia, babban birnin ƙasarmu, ranar Asabar ta ƙarshen wata. Goggo Fuatino ce ta kafa ta bayan ta bar koyarwa. Baba Eteuati tsohon ɗan sanda ne, kullum yana cewa fanken Goggo ke kawo shi ba littafi ba, amma duk cikinmu babu mai bin shafi ɗaya-ɗaya kamarsa. Sai ni da Talalelei, wanda muke kira Tala. Mun daɗe muna zama a benci ɗaya, in an tashi ya raka ni tashar bas ta gefen teku, muna gardama a kan mutanen da ba su taɓa rayuwa ba kamar maƙwabtanmu ne. Bai taɓa cewa yana sona ba, ni ma ban taɓa cewa ba. Na dai san cewa duk jimlar da ta taɓa min zuciya a littafi, ba ta zama tawa sai na karanta masa ita.

Bara, yayansa Filipo ya sha giya ya hau motar ɗaukar kaya, ya banke ƙanina Peniamina a hanyar ƙauyenmu. Peni yana dawowa ne daga wasan zari-ruga, takalmansa a rataye a wuya.

Washegari tun kafin gari ya waye danginsu suka zo ifoga, neman gafara. Na leƙa ta tsakanin labulen kaba na gan su zaune a ciyawar ƙofar gidanmu. Shugaban danginsu yana gaba, kansa a ƙasa, an lulluɓe shi ruf da lallausar tabarmar gado. A gefe sun tara itace da duwatsun gashi, wato in mun ga dama mu yi da su yadda ake yi da dabba. Tala yana can baya, hannayensa a kan gwiwoyinsa. Rana ta fito ta same su a haka, ta yi ta gasa su, ba wanda ya motsa. Can da hantsi Kawu, wanda shi ne shugaban namu dangin, ya fita ya ɗaga tabarmar. Aka shigo da su, aka yi jawabai, aka yi addu'a, aka yi kuka. Sannan aka ce mu 'yan mata mu kawo abinci. Ni na durƙusa na ajiye wa Tala gwaza da miyar kwakwa a gabansa, gawar ƙanina tana ɗakin sanyi na asibiti.

Alƙali ya yi la'akari da cewa mun karɓi tuban, ya sassauta hukuncin. Yanzu ma wasu ƙarshen mako ana barin Filipo ya zo gida ya koma kurkuku. Mahaifiyata tana gaisawa da mahaifiyarsu a kasuwa, har su tsaya suna zancen tsadar kifi. Kowa ya ce magana ta ƙare, kuma na yarda a wurinsu ta ƙare. Ni ce dai na tsaya a bayan labulen nan ban fito ba, kuma babu wanda ya lura.

A kan kabarin Peni na karanta littafin, a ƙofar gida kamar yadda muke binne namu, inda simintin yake yin sanyi da la'asar. Labarin wani kurkuku ne da ke shawagi a gefen wani tauraro da ya mutu, nesa da duk duniyar da mutane suke zaune. Babu alƙali mai yanke shekaru, babu gandiroba. Kowace ƙofa an ɗaure ta da muryar wanda aka zalunta. In ya zo ya ce a buɗe, ta buɗe, in bai zo ba, shi ke nan. Wata mata ce aka kashe ɗan'uwanta na tagwaye. Ta yi aure, ta haihu, ta tsufa, kowace shekara ana aiko mata da tikitin jirgi tana mayarwa. A shafin ƙarshe ta je, ta tsaya a gaban ƙofar, tana jin numfashin mutumin ta ciki. Nan marubucin ya ajiye alƙalaminsa.

Na karanta shi sau biyu. A karo na biyu na jiƙa shafukan ƙarshe har suka kumbura.

Ana saura 'yan kwanaki haɗuwarmu Tala ya kira ni. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar Mama, ya tambayi ko ruwan sama ya yi mana ɓarna, sannan ya ce mahaifiyarsa tana gayyatata cin abincin Lahadi bayan coci. Duk yarinyar da ta girma a nan ta san abin da ake nufi in uwar saurayi ta kira ki abincin Lahadi. Sai ya ƙara, a hankali, cewa Filipo zai kasance a gida wannan makon. Ya ce kada in amsa yanzu, in bari sai mun tattauna littafin ranar Asabar.

A nan na gane dalilin zaɓin nasa. Na kuma gane cewa duk abin da na faɗa a kan matar nan ta cikin littafi, shi ne amsata.

Ranar Asabar fankar ɗakin tana ƙara kamar kullum. Goggo ta zuba mana ruwan kokon cakulan mai ɗaci da ta daka da kanta, ta ce Baba ya fara, tunda shi ne ya san cikin kurkuku.

"Kurkuku babu gandiroba," in ji Baba, yana karkaɗe sukari daga rigarsa. "To wa ke kwashe bokiti? Wa ke dafa shinkafa? Wannan marubucin bai taɓa shaƙar warin ɗakin tsare mutane ba, ko na rabin yini."

"Ai injuna ne suke yi, tsoho. Ka karanta kuwa, ko fanke kake ci a kai?"

"Na karanta, malama. Har inda kika tsallake na karanta."

Suka yi dariya, ni ma na yi ƙoƙari. Daga nan Baba ya gyara zama ya faɗi abin da yake ransa da gaske. Ya ce shi bai yarda da tsarin ba ko kaɗan. An ƙirƙiro doka ne domin a karɓe adda daga hannun mai kuka, kuma duk ƙasar da ta mayar masa da ita ta gudu daga aikinta ne. Ya ce a shekarunsa na aiki ya ga waɗanda suka yafe da safe suka yi nadama da yamma, ya ga waɗanda suka rantse ba za su yafe ba suna kai wa mai laifin abinci. Zuciyar mai makoki ba ma'auni ba ce.

Goggo kuwa wani wurin littafin ya yi mata ciwo. Ta ce ita tambayarta ɗaya ce tun shafin farko: ina kawunnan matar nan? Ina gwaggwanninta, ina limamin cocinsu? Mutanen littafin kamar daga ƙwai suka fashe, kowa shi kaɗai. Ta ce mugunta ce a ɗora wa yarinya ɗaya nauyin da dangi guda suke taruwa su ɗauka, kuma ta gode wa Allah da ba a can aka haife ta ba. Tana cikin faɗar haka idonta ya faɗa kaina, sai ta yi sauri ta juya wurin butar koko.

Tala ya buɗe nasa kwafin, duk ya lanƙwashe kusurwoyin shafuka. Ya ce shi a ganinsa fursunoni biyu ne a labarin, kuma ta wajen ta fi shan wahala, domin na ciki ya san inda bangonsa yake. Ya karanta wurin da matar take tsaye a kicin ranar auren 'yarta, tikitin jirgi a aljihunta, ta kasa rawa. Bai ɗago ba. Ya ce ya tabbata ta buɗe ƙofar. Ya ce marubucin bai rubuta ba ne domin babu buƙata.

Goggo ta fara cewa lokaci ya tafi, a zaɓi littafin wata mai zuwa, amma Baba ya ɗaga hannu.

"Saura ke, Vaosa. Nan kowa yana faɗar nasa."

Na shirya ƙarya tun a cikin bas. Na shirya in ce littafin yana da kyau, ƙarshen ya burge ni, ni ma ina ganin ta buɗe. Jimla uku kawai, gobe in sa farar rigata in je in zauna a gidansu, mahaifiyarsa ta zuba min kifi, in miƙa wa Filipo gishiri. Na dubi wuyan Tala inda kwalar rigarsa ta ɗan koɗe, na ji ina sonsa har ƙirjina yana zafi.

"Ni kishinta nake yi," na ce.

Goggo ta ajiye kofinta.

"Kowa yana cewa an zalunce ta da aka ba ta makulli. Ni abin da na gani, an tambaye ta. Kowace shekara ana aiko mata a ce, ke fa, me kika ce? Ba ni na ɗaga tabarmar ba, Goggo. Ni aka ce in kawo gwaza."

"'Yata," in ji Goggo a hankali, "hannun kawunki ai hannunku ne duka."

"Na sani. Ban ce ya yi kuskure ba. Da bai ɗaga ba da yanzu samarin ƙauyenmu sun ƙona wata mota, an ƙara wani kabari. Na sani. Amma da aka tashi daga abincin nan kowa ya tafi gida da sauƙi a ransa, ni kuma na tafi wanke kwanoni."

Ban yi kuka ba, abin da ya ba ni mamaki. Baba yana kallon tafin hannunsa. Tala ya rufe littafinsa, ya dube ni sosai, karo na farko tun da na shigo.

"Da ke ce fa? Da muryarki ce take buɗe ƙofar?"

"Ban sani ba, Tala. Wataƙila wata rana. Yau dai ba zan buɗe ba."

"Gobe fa?"

"Ka ce wa mahaifiyarka na gode."

Goggo ta zaɓi littafin wata mai zuwa da kanta, wani labarin masunta, ba wanda ya yi gardama. Baba ya naɗe sauran fanken a takarda ya tura min cikin jaka.

Tala ya fito tare da ni. Muka bi gefen teku kamar yadda muka saba, sai dai akwai faɗin mutum guda a tsakaninmu. Ya ce min ranar nan da suke zaune a rana, ya yi wa Allah alkawari in aka ɗaga tabarmar ba zai sake roƙon komai ba, ga shi ya karya alkawarin tun ba a je ko'ina ba. Ya ce bai ga laifina ba. Ya ce shi ne yake kai wa Filipo abinci, shi ne yake zama da shi in ya farka yana ihu, kuma ba zai iya kawo mace gidan da za ta riƙa tashi in yayansa ya shigo ba. Na ce na gane. Da gaske na gane.

Na so ya ce zai jira. Na rage tafiya don in ba shi lokaci. Sai ya ce ana neman masu aikin Asabar a tashar jiragen ruwa, zai gaya wa Goggo kada ta riƙa zuba kofi huɗu. A mahaɗar hanya kafin tasha ya tsaya, ya taɓa gefen jakata da yatsu biyu, ya tsallaka titi.

Bas ɗin ƙauyenmu ya cika maƙil, kiɗa yana tashi, buhunan shinkafa a ƙarƙashin kujeru. Na samu gefen benci kusa da taga. A tsayawa ta gaba wata mata da ban sani ba ta hau da kaya a hannu biyu, aka miƙo jaririyarta daga hannu zuwa hannu har ta iso cinyata. Yarinyar ta dube ni, ta kama igiyar jakata ta sa a baki, can ta yi barci, kanta mai ɗumi a ƙarƙashin haɓata. Muka bar gari, teku yana hagu, gidaje suna raguwa. Na riƙe yarinyar sosai a duk inda bas ya faɗa rami, har muka kai inda uwarta za ta sauka, na miƙa ta.