Bodin Ja'afaru

A Agege, duk motar da ka gani da bodin katako mai fenti kore da ja, ba sai ka tambaya ba, daga rumfar Ja'afaru kafinta ta fito. In ma ka tambaya, shi zai riga kowa ba ka amsa, don Ja'afaru ba ya jira wani ya yabe shi. Haihuwar Ikko ne, jikan soja, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, Arewa kuwa a bakin fatake kawai yake jin ta. Yakan ce bodin da ya haɗa sai ya ga bayan inji biyu kafin ƙusa ɗaya ta motsa, kuma abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa.

Ana gab da samun mulkin kai labari ya cika unguwa cewa wani kamfani ya buɗe masana'anta a Apapa, inda ake haɗa manyan motoci daga farko har ƙarshe. 'Yan tasha suka ƙara gishiri, suka ce ƙarfe ake zubawa ta wannan ƙofa, mota ta fito ta waccan da bodinta da bencinta, sai dai a loda goro. A majalisa Ja'afaru dariya yake yi har da buga cinya. Amma ya daina zuwa Ebute Metta sayen katako, kuma shi kaɗai ya san dalili. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Zarto da guduma ne kaɗai abin da ya iya, ba shi da gona, ba shi da wani gari da zai ce ya koma.

Sai ga Hajiya Zinariya, babbar mai goron Agege, wadda motocinta duk shi ya yi musu bodi. Ta tsaya bakin rumfa, ba ta ko zauna ba.

“Ja'afaru, aikin nan da na ce za ka yi mini, dakata tukuna. Kamfani ya gayyaci masu motoci kallo ranar Asabar. Ka shirya mu je, kai ka san katako, ka duba mini nasu ko yana da ƙwari.”

Wato shi za a ɗauka ya je ya yaba abin da zai tashe shi daga aiki! Ya gyara hula.

“Hajiya, ai ko ba ki ce ba zan je. In ga wanda ya isa.”

Ranar Asabar ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ƙasimu direban Hajiya ya ja su a tsohuwar motarta, ita a gaba, Ja'afaru a baya kan bencin da shi ya sassaƙa. Duk hanya yana shafa katakon yana sauraron ko zai ji ƙara, bai ji ba.

Masana'antar ta fi tashar jirgi girma, ga ƙara kamar dubun maƙera sun haɗu a ɗaki guda. Wani akawu Bayarabe mai gajeren wando ya tarbi baƙi, ya sa su gaba yana bayani da ƙarfi. Ya fara nuna musu akwatunan da aka sauke daga jirgin ruwa. Ja'afaru ya ƙwanƙwasa ɗaya ya taɓe baki, ya ce wa Ƙasimu wannan ko kejin kaji ba zai yi da shi ba.

Daga nan bakinsa ya fara mutuwa. An shimfiɗa dogo a ƙasa irin na jirgi, a kansa ana tura wasu dogayen ƙarafa biyu. Nan mutum huɗu su ɗaure musu gindin taya, a tura gaba. Can sarƙa ta sauko da inji daga sama, ya zauna daram a gurbinsa, ba a rage ba, ba a ƙara ba. Ja'afaru ya saba da katako mai gardama, wanda sai an lallaɓa shi an sassaƙe kafin ya yarda, nan kuwa kome zuwa yake da biyayya. Ba ya son ya yaba, amma aiki ya yi kyau, kuma idon mai sana'a ba ya yi masa ƙarya.

“Ƙanena, yau ka yi shiru,” in ji Hajiya.

“Ina nazari ne, Hajiya.”

Aka sa tayoyi, aka sa sitiyari, aka ɗora kan motar, wato mazaunin direba, da gilashinsa yana walƙiya. Ja'afaru ya ƙara matsowa. Saura abu ɗaya, kuma shi ya zo gani. Ya miƙa wuya yana neman inda bodi zai sauko daga sama kamar yadda inji ya sauko.

Sai dogon ya ƙare. Wani ma'aikaci ya haye, ya tayar da inji, ya ja motar ta fice ta babbar ƙofa, kai a gaba, baya kuwa ƙarafa biyu tsirara.

Ja'afaru ya sha gaban akawun. “Oga, ina sauran?”

“Wane saura, baba? O ti tan, ta ƙare ke nan. Mu kai da ƙafa muke yi. Mai goro da mai shanu da mai fasinja ba baya iri ɗaya suke so ba, kowa ya kai wa kafintansa.”

Suka bi motar zuwa waje. A filin bayan masana'anta ga 'yan'uwanta jere sahu-sahu har bakin katanga, duk babu mai baya. Ja'afaru ya tsaya yana kallo, ya dafa taya. Daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa, ya yi kamar rana ce ta dame shi. A da sai ya yi wata yana jiran jirgin ruwa ya kawo irinsu ƙwaya biyu.

Wani mai motocin shanu daga cikin baƙin ya matso yana tambayar wane ne kafintan da ake faɗa. Hajiya ta riƙe hannun rigar Ja'afaru.

“Tawa ce farko, ka ji ko?”

Ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya haye kan ƙarafan nan, ya fara auna su da taƙi, akawu na ihu ya sauko.

“Hajiya, ke kika ce in dakata,” in ji shi daga sama. “Amma na yafe. Ƙasimu, tayar da mota! Ba Agege muka nufa ba, Ebute Metta za ka bi da mu, kafin masu katako su ji labari.”