Kuɗin Jiri

Duk mutumin da ya haura shekara arba'in, ya sa hannu a aljihu ya ciro kuɗi don a ɗaure shi a kujerar ƙarfe a juya shi sama, ya fita daga sahun masu hankali, kuma bai kamata a sake karɓar shaidarsa a gaban alƙali ba. Malam Abdulkarimu ne ya yanke wannan hukunci, bayan la'asar, a majalisar ƙofar gidansa da ke Tambuwal, azumi na shirin ƙarewa. Takardar talla na hannunsa, ya riƙe ta da yatsu biyu kamar wadda aka tsamo daga kwata.

Tallar wani sabon gidan wasa ce da wani ɗan kasuwa ya kafa a bayan gari, ya sa masa suna Dandalin Annashuwa. An shirya bikin Sallah. Tikiti naira dubu huɗu, a ba mutum shinkafa da lemo, ya kalli 'yan barkwanci, ya hau duk abin da ransa ke so. Babban abin hawan shi ne wani lilo mai kama da ƙafar keke, da kujeru rataye a jikinsa, wanda aka ce ya fi kowane gini a garin tsawo.

Malam Abdulkarimu ya yi aikinsa ne a wani ofishi a Kebbe, inda ya yi suna wajen hana abu tun kafin ya gama karanta takardarsa. Ritaya ta raba shi da albashi, amma ba ta raba shi da aikin ba. Ya fasa wa majalisa tikitin nan gida-gida. Ya cire kuɗin shinkafa, ya cire na lemo, ya ce barkwanci kuwa kyauta ake samunsa a kowace tasha.

"Abin da ya rage," in ji shi, "shi na kuɗin jiri. Mutane na tahiya asibiti su biya a raba su da jiri, mu an ce mu biya a ba mu shi."

Majalisa ta gyaɗa kai. Masu azumi ba su da ƙarfin musu, kuma tabarmar tasa ce.

Daga can ƙarshen tabarmar, inda yake kishingiɗe da kumburarrun ƙafafunsa a kan matashi, Ɗanmaliki ya buɗe ido.

"Kai, bawa. In mutum ya hau can bisa, har ina shika gani?"

Duk faɗin Tambuwal, Ɗanmaliki kaɗai ke kiran Malam Abdulkarimu bawa ya kwana lafiya. Taubasai ne, uwar Malam ƙanwar uban Ɗanmaliki ce, saboda haka tun suna yara suke zagin juna da izinin iyaye. Ɗanmaliki manomi ne a Fakku har sai da zuciyarsa ta fara yi masa gardama. Daga nan 'yarsa Bara'atu, wadda ke aikin jinya, ta ɗauko shi ta ajiye shi a gidanta, katanga ɗaya da gidan Malam. Ta hana shi gishiri, ta hana shi doguwar tafiya, ta kuma hana shi riƙon kuɗi tun ranar da ta gano cewa sadakar da yake cewa zai kai masallaci a wurin mai tsire take tsayawa.

Malam ya ce masa abin da mutum zai gani daga can shi ne wautarsa. Ɗanmaliki ya ce ai ita ya daɗe yana ganinta daga ƙasa, a jikin maƙwabcinsa. Ya ce shi duk rayuwarsa bai taɓa hawa abin da ya fi rumbu tsawo ba, kuma yana so kafin a sa shi ƙasa ya ga yadda sama take. Aka yi dariya, aka watse neman abin buɗa baki.

Dukiya ɗaya ta rage wa Ɗanmaliki wadda Bara'atu ba ta taɓa ba: likkafaninsa. Ya saye shi a wata shekara da gero ya yi albarka, farin alawayyo mai kauri, don kada ranar da ya mutu a ga dangi suna leƙen aljihun juna. Yana cikin wata adaka a ƙarƙashin gadonsa. Kowace shekara sai ya fito da shi ya shanya, ya kira maƙwabta su taɓa su ji inganci, kamar mai nuna kayan lefe.

Ranar jajibere da hantsi, bayan Bara'atu ta tafi aiki, ya kira Malam ta saman katanga, ya ce a kai shi kasuwa aski. Malam ya fito da mashin ɗinsa yana mita, ya ɗauke shi, Ɗanmaliki na maƙale da wani ƙunshi a hammata. Sai da suka wuce wanzamai Ɗanmaliki ya ce a tsaya a rumfar Sambo mai yadi. Nan ya kwance ƙunshin.

Sambo ya shafa yadin, ya dubi tsohon. Ya ce ya daɗe yana sayar da fari, amma yau ne farkon da mai likkafani ya dawo da shi da ƙafarsa.

"Ko ya yi maka kaɗan, Baba?"

"Ban gwada ba. Sa mishi kuɗi."

Malam ya ja taubashinsa gefe. Ya tuna masa shekarunsa, da ƙafafunsa, da abin da mutane za su ce. Ya tambaye shi, in ya mutu fa?

"In na mutu, matsalarku ta. Ka taɓa ganin mamacin da anka bari tsirara don bai biya ba?"

Malam ya ce zai gaya wa Bara'atu. Ɗanmaliki ya ce madalla, shi kuma zai gaya mata wanda ya ɗauko shi a mashin. Sambo ya ninke yadin ya sa a bayan rumfa, ya miƙo kuɗi, ya ce Allah ya sa a daɗe ba a nema ba. Kuɗin sun isa tikiti biyu, har da canjin tsire.

Tikiti na biyu na Malam ne. Ya ce ba zai je ba. Ya faɗi haka ranar Sallah da safe, ya sake faɗa da yamma. Washegari ya sa babbar riga, ya danno hula har gira, ya tayar da mashin. Ya bayyana wa matarsa cewa ba wasa za shi ba, za shi ne ya tabbatar da ƙiyasinsa da ido, tunda ba a barin marar lafiya ya tafi irin wannan wuri shi kaɗai.

Dandalin Annashuwa fili ne da aka zagaye da kwano, janareta na ruri a kusurwa, yara sanye da kayan Sallah suna gudu ta ko'ina, 'yan mata da lalle har gwiwar hannu suna ɗaukar hoto a gaban wani zakin siminti mai kama da tunkiya. A layin shiga Malam ya hango mutum biyu daga cikin 'yan majalisarsa, waɗanda suka fi kowa gyaɗa kai ranar hukunci, ɗaya ma da balan-balan a hannu. Suka kalli gabas, shi ya kalli yamma.

Mai kula da lilon, wani ƙato mai rigar makanikai, ya tsaya yana duban tsofaffin biyu. Ya tambaya ko akwai mai hawan jini a cikinsu. Ɗanmaliki ya nuna Malam, ya ce amma kada a damu, zai riƙe shi. Aka zaunar da su a kujera ɗaya, aka sauke wani ƙarfe a cinyarsu.

Da lilon ya motsa, Malam ya lura da abubuwan da takardar talla ba ta ambata ba. Kujerar na lilo da kanta, ban da lilon da aka biya. Ƙarfen na kuka. Ƙasa na tafiya ba tare da sallama ba. Ya kama addu'ar hawa abin hawa, ya gama, ya kama ta shiga kasuwa, ya wuce zuwa ta sanya sabon tufafi. Suna kaiwa ƙololuwa janareta ya yi tari, ya yi shiru. Daga ƙasa aka ɗago murya aka ce a yi haƙuri, an tafi sayen mai.

"Buɗe ido, bawa. An biya maka."

Malam ya buɗe ɗaya. Tambuwal na shimfiɗe a ƙarƙashinsu, rufin kwano na ƙyalli, da bishiyoyin dogon yaro, da titi ya miƙe da motoci kamar ƙwari. Iska mai sanyi na kaɗawa, irin wadda ba ta sauka ƙasa a wannan wata. Ɗanmaliki ya kwantar da haɓa a kan ƙarfe yana leƙen gidajen mutane ba kunya. Ya gano gidan da akuya ke cin shanyar gero ba wanda ya sani, ya yi mata addu'ar ƙoshi. Ya gano rufin Malam, ya ce ashe daga sama ma an san gidan marowaci. Sannan ya miƙa hannu can nesa inda ƙasa ta haɗu da hazo, ya ce ga Fakku can, ga ma tsamiyar bakin gonarsa.

Malam ya ce Fakku ba ta wannan gefen, nan hanyar Dogon Daji ce, kuma abin da yake nunawa ƙarfen sabis ɗin waya ne.

"Tsamiyata ta," in ji Ɗanmaliki. "Ta yi tsawo tun da nib baro ta."

Malam na shirin kawo hujja, ya ga yadda tsohon ke kallon wurin, ya bar masa tsamiyarsa. Suka zauna a sama, ƙafafunsu na reto, har mai ya iso.

A ƙasa aka ba su shinkafa. Ta yi sanyi, naman kuma sai mai tabarau ke ganinsa. Ɗanmaliki ya cinye nasa da na Malam, ya bi da tsire mai yaji da gishiri, ya tambaya ko wasa ya ci kuɗinsa. Malam ya ce ƙiyasinsa na nan daram, sai dai bai sa tsayuwar janareta a lissafi ba, wadda ita kyauta aka ba su.

Kafin su isa gida labari ya riga su. Da yamma Bara'atu ta shigo gidan Malam, ta durƙusa, ta gaishe shi, ta yi masa godiya a kan yadda yake kula da lafiyar mahaifinta, da irin muryar da take yi wa majinyacin da ya ɓoye maganinsa a ƙarƙashin katifa. Ba ta tambayi inda kuɗin suka fito ba. Ta san mahaifinta ba shi da ko sisi, don haka ita da duk unguwa suka yanke cewa Malam ne ya biya. Mutane suka fara cewa ashe mutumin nan yana da hannu, ɓoyewa yake yi. Malam bai gyara musu ba. Wannan ne karo na farko da aka zarge shi da kyauta, kuma ya ga abin bai yi masa nauyi ba.

Ɗanmaliki ya yi sauran kwanakinsa yana ba da labarin lilo. Kullum lilon na ƙara tsawo. A farkon mako Fakku ake gani, kafin Juma'a an fara hango Kebbe da mutanen da ke cikin kasuwarta, Malam kuma, wanda da farko addu'a kawai ya yi, ya koma yana kiran sunan uwarsa. Wata safiya, watan Sallah bai ƙare ba, ya sha kunu, ya ce wa Bara'atu gishiri bai ji ba, ta ce ai ba a sa wa kunu gishiri, ya ce shi ya sa. Ya koma ya kishingiɗa. Da ta leƙo ta ɗauki kwanon, ya riga ya tafi.

Gida ya cika. Aka aika masu haƙa, aka ɗora ruwa, liman ya ce a yi sallah kafin azahar. Bara'atu ta fito zaure da jajayen idanu, ta miƙa wa Malam ɗan makullin adaka.

"Baba, kai za ka buɗe. Shi dai ya hutar da mu wannan, tun da daɗewa ya yi shirinai."

Malam ya karɓa. Ya shiga ɗakin, ya jawo adakar, ya buɗe don a ji ƙarar murfin. Ba komai ciki sai tsohuwar hula da ƙamshin kafur. Ya ɗauki adakar a rufe, ya ce zai kai gidansa ya yanka yadin a natse, nan hayaniya ta yi yawa. Ya ajiye ta a zaurensa, ya tura mashin har bakin lungu kafin ya tayar.

Sambo ya riga ya ji. Yana ganin Malam ya miƙe, ya yi masa gaisuwa, ya shiga bayan rumfa ya fito da yadin, da ninkinsa na da. Ya ce bai iya sayar da shi ba, duk wanda ya taya sai ya ji kamar mai shi zai leƙo ya ce a taɓa a ji inganci. Ya ce Malam ya ɗauka kawai, sadaka ce.

Malam ya ce a'a. Ya tambayi farashin fari a yau, ba na ranar jajibere ba. Sambo ya faɗa a hankali, don kaya sun tashi. Malam bai taya ba, abin da kasuwar Tambuwal ba ta taɓa gani ba. Ya juya baya ga hanya, ya ɗaga babbar riga, ya zaro kuɗin fanshon da ya ware don gyaran rufi, ya ajiye a kan teburin awo.

"To, Malam," in ji Sambo, yana neman leda, "wai da gaske ana ganin Fakku daga can?"

"Ana gani," in ji Malam. "Sa mini a baƙa."

Ya cusa ledar a cikin riga, ya dafe ta da hannu ɗaya, ya hau mashin.