Maɓallin da Ya Ƙi Kashe Zane

Ɗana na fari mai zanen gidaje ne. Ba na kiran sunansa, ban taɓa kira ba, haka muka gada. Yaron nake ce masa. Babbar mota ta buge zemijan ɗin da ya hau, wato babur ɗin haya, yana dawowa daga aiki a unguwar Adidogome. Kafin in isa asibiti an rufe masa fuska.

Ya bar zanen sabon gidanmu cikin kwamfuta. Tsohon gidan na Zongo ya gaji, ruwa na shiga ɗaki kowace damina. Bayan sadakar arba'in, Ayouba magini ya zo ya ce in ba a ba shi zane mai tsabta ba kafin ruwa ya sauko, zai karɓi wani aiki. Ƙanena Sabitu ya ce a nemi wani mai zane a unguwar Kodjoviakope a sake daga farko. Na ce gidan nan da zanen yaron za a gina shi.

Ni ba na karanta Faransanci. Allo kaɗai na yi. Zanen kuma cike yake da layuka, na wayar wuta, na bututun ruwa, na awo, duk kan juna. Shi ya sa yaron ya yi mini maɓalli guda. In ya danna, komai sai ya ɓace, a bar bango da ƙofofi, in ga gidana sarai. Yana ce masa maɓallin Baba.

Matarsa Asiyatu ofis ɗaya suka yi aiki, ta san na'urar. Tana takaba, ba ta fita. Da hantsi aka kai mata kwamfutar ɗaki, ni na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Ban taɓa zama kusa da surukata haka ba. Ta juyo da gilashin kwamfutar wajena, kanta a sunkuye.

Ta danna maɓallin. Babu abin da ya ɓace. Ta sake dannawa, haka dai.

Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce zanen kamar takardu ne masu shara-shara da aka jera kan juna, kowace da abin da ke kanta, suna ce musu kalk. Maɓallin kuma umarni ne da aka rubuta a jere, sunansa makro. Shi ke cewa a kashe duka, sannan a kunna na bango da na ƙofofi. Na ce to a sa shi ya yi.

Ta fara duba sunaye, ko marigayi ya canja sunan wata kalk. Haka take kiransa, ita ma ba ta faɗin sunan. Sunaye daidai suke. Ta duba ko umarnin da Turanci yake alhali na'urar da Faransanci take aiki. Ta ce marigayi ya riga ya sa alamar da ake sawa don haka. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Mai koko ta wuce tana talla da yaren Mina, muna nan. Na ji zafi a raina. Na ce ko dai na'urar ta lalace a hatsarin ne, don tana cikin jakarsa ranar.

"Ba ta lalace ba, Baba," in ji ta. "Tsaya."

Ta matsa kusa da gilashin, tana karanta wani ƙaramin rubutu a ƙasansa. Na ga ta kai gefen mayafi ido.

Ta ce na'urar ba ƙi ta yi ba, tambaya take yi. Ba ta kashe kalk ɗin da mutum yake aiki a kai sai ta tambaya ko da gaske yake. Marigayi kullum yakan koma kan ta bango kafin ya danna, shi ya sa bai rubuta amsa cikin makro ɗin ba. Wannan karon bai koma ba. Yana tsakiyar aiki ya rufe ya fita.

Na ce aikin me.

Ta ƙara girman wani wuri a gaban gidan. Layuka ne ja, gefe uku, na huɗun babu.

"Zaure ne, Baba."

Mun yi maganar zaure da shi tun azumi. Na ce ni ba na karɓar baƙi a falo kan kujera. Ya ce fili bai isa ba, shago ya fi amfani. Muka bar ta a nan, bai sake tayarwa ba. Ashe ya rage shagon ya fara yanka mini zaure.

Na dubi ƙasa. Ladan bai kira azahar ba, babu dalilin tashi.

Asiyatu ta ce gyaran ba wuya. Za ta koma kan kalk ɗin bango, ta ƙara zauren cikin abin da za a bari a kunne, ta rufe gefen da ya rage. Amma in ta adana, na'urar za ta manta inda hannunsa ya tsaya.

Na ce ta yi kwafi ta gyara kwafin. Na ce ƙofar zauren kuma ta dubi titin masallaci.

Ta yi. Ta danna, layuka suka ɓace, gida ya fito da zaurensa. Washegari Ayouba ya karɓi takarda, Sabitu bai ƙara maganar wani mai zane ba.

Ta tambaye ni na asalin fa.

"Wannan kada ki taɓa shi," na ce.

Yanzu bango ya kai lintel, wato saman ƙofofi da tagogi. Ranar Juma'a in na dawo masallaci nakan zauna bakin ƙofarta, ta buɗe na asalin ta danna. Ba ya kashe komai. Tambayar tana nan a ƙasan gilashin, ba mu amsa ba.